Ɗalibin jami'a: yadda yake kallon kansa, lafiyarsa da damuwarsa

Gabatarwa

Ranar da sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, gidan da ɗansu ya ci yakan cika da guɗa. Maƙwabta su shigo barka, dangi su yi ta kira ta salula. Bayan ƴan watanni yaro ya ɗaure kayansa, ya hau mota zuwa Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Daga nan mutanen gida ba su ƙara ganin halin da yake ciki. In an tambaye shi ta waya, amsa ɗaya ce: “Lafiya lau.”

Sau da yawa gaskiya ya faɗa. Amma wani lokaci a bayan wannan amsa akwai rashin barci, da yunwa, da bashi, da tsoron faɗuwa, da zuciyar da ke raya masa cewa bai kai ya zauna a wurin ba. Akwai ɗaliban da suka bar karatu alhali ƙwaƙwalwa ba ta gaza musu ba, nauyin da suka ɗauka a ɓoye ne ya durƙusar da su.

Wannan bayani an shirya shi domin uwaye, da yayye, da duk wanda ke da ɗa ko ɗiya a jami'a, da kuma ɗaliban su kansu. Zai nuna abubuwa uku da ke ɗaure da juna: yadda ɗalibi ke kallon kansa, lafiyar jikinsa, da damuwar da ke kansa.

Jami'o'in Nijar a taƙaice

An aza harsashin karatun jami'a a Nijar a shekarar 1971, lokacin da aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai. A 1973 ta zama jami'a. A 1992 aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana, haifaffen Tasawa, wanda ya taɓa shugabantar ta. Jami'ar Musulunci ta Say ta soma aiki a 1986. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi.

Karatun hawa uku ne: lisans shekara 3, masta shekara 2, dakta shekara 3. Karatun likita ya fi na lisans tsawo. Ana ba da maki bisa 20, kuma galibi sai da 10 ake wucewa. Hukumar ANAB ce ke kula da kuɗin tallafin karatu da ɗalibai ke kira burs. Cibiyoyin kula da jin daɗin ɗalibai kuma su ke riƙe da ɗakunan kwana, da gidan cin abinci, da motocin jigila, da ɗakin shan magani.

Yawancin waɗannan jami'o'i matasa ne, ɗalibai kuwa kullum ƙaruwa suke. A gidaje da yawa, ɗalibin yau shi ne mutum na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a. Wannan abin alfahari ne, amma yana nufin ba shi da wani babba a gida da zai faɗa masa yadda wurin yake.

Ma'anar kalmomi uku

Lafiya. Tun 1948 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa lafiya ba ta tsaya ga rashin ciwo kaɗai ba. Ta haɗa lafiyar jiki, da kwanciyar hankali, da zaman daɗi da jama'a. Mutum yana iya tafiya da ƙafafunsa, babu zazzaɓi babu tari, amma ba shi da lafiya.

Kallon kai. Shi ne hukuncin da mutum ke yanke wa kansa a zuci: ina da daraja ko ba ni da ita? Zan iya ko ba zan iya ba? Ina da lafiya ko ba ni da ita? A nan sai a lura da bambanci. Sanin darajar kai daban, girman kai daban: mai girman kai wasu yake rainawa. Tawali'u daban, raina kai daban: mai tawali'u ya san abin da ya iya, bai dai yin alfahari da shi, mai raina kansa kuwa ya yarda cewa shi ba komi ba ne. Kunya da tawali'u ado ne. Raina kai ciwo ne.

Damuwa. A nan muna nufin halin da jiki da zuciya ke shiga in abin da ake nema ga mutum ya yi masa yawa. Likitoci na kiran shi sitires. Damuwa kaɗan tana da amfani, domin ita ke tashin ɗalibi da asuba ya yi bita. Wadda ke cutarwa ita ce mai yawa, mai daɗewa, wadda babu hutu a cikinta.

Mi ke faruwa cikin jiki?

In mutum ya yi karo da maciji a gona, kafin ya yi tunani jikinsa ya riga ya shirya. Ƙwaƙwalwa ta aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda. Su kuma su zuba sinadarai cikin jini. Na farko sunansa adirenalin: yana sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, gumi ya karyo. Na biyu sunansa kotizol: yana ƙara sukari cikin jini, domin jiki ya samu ƙarfin gudu ko faɗa. A lokacin ne baki ke bushewa, ciki kuma ya rage aikin narka abinci. Da maciji ya wuce, komi ya koma daidai.

Matsalar ita ce jiki bai bambance maciji da takardar jarrabawa. Maciji yana wucewa cikin minti guda, amma tunanin jarrabawa, ko na kuɗin haya, yana iya kwana ya tashi da mutum wata da watanni.

A 1936 wani likita mai suna Hans Selye, a birnin Montreal na Kanada, ya yi bincike bisa ɓeraye. Daga bincikensa ya nuna cewa jikin da aka matsa wa yana bin mataki uku:

1. Matakin firgita: jiki ya zabura.
2. Matakin jurewa: jiki ya daure, yana ci gaba da aiki, amma yana cin ajiyarsa.
3. Matakin gajiya: ajiya ta ƙare, ciwo ya samu ƙofa.

Ɗalibai da yawa a mataki na biyu suke zaune. A ido lafiyarsu ƙalau, a ciki kuwa rumbu ne ake ɗiba ba a zubawa.

Abubuwan da ke matsa wa ɗalibi

Sabon salon karatu. A lise malami ya san kowa da sunansa. A jami'a ɗalibi na iya zama cikin ɗaruruwa a babban zaure, malami na magana da sauri cikin Faransanci mai wuya, babu mai tambayar wanda bai zo ba. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a garinsu sai ya tarar kowa a ajin na ɗaya ne a nasu garin.

Kuɗi. Ba kowa ke samun burs ba. Wanda ya samu ma yakan yi jira in ta makara. Ga haya, ga abinci, ga kuɗin kwafar darussa, ga kuɗin mota da na intanet. Wasu na koyarwa a gidaje da maraice, wasu na kabu-kabu, wasu na gadi da dare. Wani ɗalibin ma daga ƴar burs ɗinsa yake aika wa gida.

Wurin kwana da abinci. Gadajen jami'a ba su isar kowa. Ɗakin da aka gina wa mutum biyu sai ka ga ya ɗauki fiye da haka. A watannin Afirilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, in wuta ta ɗauke barci ya gagara. Da damina kuma ga sauro. Wani yakan wuni da garin rogo da ruwa.

Rashin tabbas. Yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, yana tsawaita shekarar karatu. Ɗalibi bai san ranar gamawa ba, kuma bai san ko zai samu aiki in ya gama ba.

Nisa da gida. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce. A yi haihuwa, a yi rasuwa, ɗalibi sai dai ya ji ta waya.

Dogon burin dangi. An sayar da rago ko buhun wake an yi masa kuɗin tafiya. Tun yana shekarar farko ƴan gari sun fara kiran shi “likita” ko “alƙali”. Wannan so ne, amma so mai nauyi: yaya zai buɗe baki ya ce ya faɗi jarrabawa?

Abin da ya shafi ƴan mata. Ɗaliba na fama da duk waɗannan, sannan ga nata na daban: matsin maganar aure, aikin gidan da aka sauke ta, surutun mutane, wani lokaci da masu neman lalata da ita da sunan taimako. Mai aure kuma tana haɗa karatu da ciki ko goyo.

Yadda abubuwan uku ke ɗaure da juna

A 1984 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun bayyana cewa in abu ya taso wa mutum, zuciyarsa na yin tambaya biyu. Ta farko: wannan abu haɗari ne gare ni? Ta biyu: ina da abin da zan tare shi da shi? Damuwa na yin tsanani in amsar farko “i” ce, ta biyu kuma “a'a”. Ke nan kaya ɗaya ne, amma nauyinsa ya danganta da yadda mai ɗauka ke ganin ƙarfinsa.

Mu ɗauki misalin ɗalibai biyu da suka samu 6 bisa 20 a jarrabawar farko.

Na farko ya ce a ransa: “Ban gane yadda ake amsa tambaya a nan ba. Bari in nemi na gaba da ni su nuna mini.” Ya ji zafi, amma ya ci abinci, ya yi barci, ya shiga rukunin bita.

Na biyu ya ce: “Da ma na sani. Ni ɗan ƙauye ne, sa'a ce ta kawo ni nan.” Kunya ta hana shi tambaya. Ya koma kwana bisa takarda da shayi. Rashin barci ya sa abin da ya karanta bai zauna ba. Ciwon kai da na ciki suka taso, ya fara fashin aji. A jarrabawa ta biyu ya sake faɗuwa, sai ya ce: “Ka gani ko?”

Haka abin ke zagayawa: raina kai ya ƙara damuwa, damuwa ta taɓa jiki, jiki ya kasa karatu, faɗuwa ta ƙara raina kai. Abin daɗin ji shi ne, ko ta ina aka yanke wannan igiya tana kwancewa. In barci ya gyaru, karatu na gyaruwa. In aka samu aboki ɗaya na gari, zuciya na yin sauƙi.

Kada a fahimci cewa duk laifin na tunanin ɗalibi ne. Kyakkyawan tunani bai cika tukunya, bai kuma biyan haya. Wanda yunwa ke damu abinci yake bukata kafin nasiha.

Abin da bincike ya nuna

A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, da ya yi aiki a Abekuta ta Najeriya, ya ba da bayanin wani hali da ya gani ga ɗalibai. Suna kukan zafi a ka, ko jin kamar wani abu na tafiya cikin kai, da dishi-dishin ido, da karanta shafi ba tare da an gane komi ba. Ɗaliban da kansu suna cewa ƙwaƙwalwarsu ce ta gaji. A yau likitoci da yawa na ganin cewa fargaba ce da baƙin ciki ke fitowa ta jiki.

A 1965 Morris Rosenberg ya shirya tambayoyi 10 na auna yadda mutum ke ganin darajar kansa, ya gwada su bisa ƴan makaranta sama da 5,000 a jahar Niyok ta Amurka. Har yau ana amfani da su a ƙasashe da yawa.

A 1978 Pauline Clance da Suzanne Imes sun yi bayani bisa mata masu ilimi da nasara waɗanda, duk da haka, suke jin kamar yaudarar mutane suke, kuma wata rana asirinsu zai tonu. Daga baya aka gane cewa maza ma na jin haka. Ɗalibin da ke wannan tunani ya sani cewa ba shi kaɗai ba ne, kuma tunanin ba shaida ba ce ta rashin iyawa.

A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa sun ɗiga ƙwayoyin mura a hancin mutane kusan 400 da suka yarda da gwajin, a Ingila. Waɗanda suka fi damuwa su suka fi kamuwa.

A 1997 masu bincike biyu sun tattara nazarce-nazarce 27. Suka tarar cewa amsar da mutum ke bayarwa in an tambaye shi yadda yake ganin lafiyarsa tana da alaƙa da tsawon ransa, ko da an yi la'akari da cututtukan da likita ya gano. Darasin shi ne: in mutum ya ce bai jin daɗin jikinsa, a saurare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1998, a jahar Ohayo ta Amurka, an yi wa ɗaliban likitancin haƙori 11 ɗan ƙaramin rauni a ganɗa sau biyu: sau ɗaya lokacin hutu, sau ɗaya dab da jarrabawa. Raunin lokacin jarrabawa ya ƙara kamar kwana 3 kafin ya warke.

A 2018 an fitar da sakamakon wani bincike na OMS bisa ɗalibai kusan 14,000 ƴan shekarar farko, a jami'o'i 19 na ƙasashe 8. Kashi 35 cikin 100 sun nuna alamar sun taɓa fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kamar fargaba, ciwon baƙin ciki ko shaye-shaye. Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka da ke ciki, saboda haka wannan adadi ba na Nijar ba ne. Amma yana nuna cewa matsalar ba ta raggo ba ce, ba kuma ta talaka kaɗai ba. An kuma san cewa yawancin irin waɗannan cututtuka suna somawa ne kafin shekara 25, wato daidai shekarun jami'a.

Alamomin da za a lura da su

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ga alamomin damuwar da ta yi yawa:

A jiki: yawan ciwon kai, ciwon wuya da baya, zafin ciki, faɗuwar gaba, rashin barci ko yawansa, rama, rikicewar al'adar mata.

A tunani: mantuwa, kasa tattara hankali, tsammanin mugun abu kullum, yawan zargin kai.

A hali: saurin fushi, guje wa mutane, fashin aji, daina kiran gida, barin tsabta, fara shan ƙwaya.

Gargaɗi: ba kowane ciwon kai ba ne damuwa. In akwai zazzaɓi, a je a yi gwajin jini na zazzaɓin cizon sauro a ranar. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya na iya zama sanƙarau, wanda bai jira. Yawan gajiya da jiri, musamman ga ƴan mata, na iya zama ƙarancin jini. Gyambon ciki kuma galibi wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko yawan shan wasu magungunan ciwon jiki; damuwa na ƙara masa zafi ne, kuma yana da magani a likita. Masu sikila, da masu farfaɗiya, da masu asma su ƙara kula, domin gajiya, ƙishirwa da rashin barci na iya tayar musu da ciwo.

Hanyoyin da ba su ɓullewa

Kwana bisa takarda. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wanda ya hana kansa barci kamar mai zuba hatsi ne a buhu mai huji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yawan shayi da kofi. Kaɗan bai da laifi. Amma sinadarin da ke cikinsu yana daɗewa a jini: bayan kamar awa 5, rabinsa na nan. Shayin dare na korar barci, yana ƙara bugun zuciya. Shan shi nan take bayan abinci kuma yana rage sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa, wanda ake gina jini da shi.

Tiramol da sauran ƙwayoyi. Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, likita kaɗai ya kamata ya rubuta shi. Bai ƙara basira. Yana kama mutum har ya kasa bari, kuma in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ya tsayar da numfashi. Haka ma ƙwayoyin sa barci da ake saye a bakin hanya.

Auna kai da hotunan salula. A Facebook da TikTok kowa ranar sallarsa yake nunawa, ba mai nuna ranar da ya kwana da yunwa.

Shiru. Shi ya fi duka haɗari. Haƙuri hali ne na gari, amma ɓoye ciwo ba haƙuri ba ne.

Abin da ɗalibi zai yi

1. Ya nemi barcin awa 7 zuwa 9. In dare bai isa ba saboda zafi ko hayaniya, ya ɗan kishingiɗa da rana.
2. Kada ya shiga aji da cikin wofi in da hali. Koko da ƙosai, fura da nono, wake, gyaɗa, zogale: duk abinci ne mai gina jiki, mai sauƙin kuɗi. Ya sha ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro.
3. Ya motsa jiki. OMS na ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar ƙasa da sauri ta minti 30, kwana 5, ta cika wannan.
4. Ya raba karatu kaɗan-kaɗan tun farkon zango. In ya karanta, ya rufe takarda ya gwada faɗin abin da ya riƙe. Wannan ya fi maimaita karatu.
5. Ya shiga rukunin bita na mutum 3 zuwa 5, ya kuma kusanci ƙungiyar ɗaliban yankinsu. Waɗanda suka riga shi zuwa sun san hanya.
6. Ya gyara maganar da yake yi wa kansa. Maimakon “ni daƙiƙi ne”, ya ce “wannan darasi ban gane shi ba tukuna”. Ya tambayi kansa: da abokina ne ya faɗi, haka zan ce masa?
7. In gaba ya faɗi, ya zauna, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, har na ƴan mintoci.
8. Ya rubuta kuɗin da ke shiga da wanda ke fita, ya ware na abinci tun farkon wata.
9. Ya riƙe ibadarsa da zumuncinsa. Suna kwantar da rai, kuma ba su hana zuwa likita.

Abin da uwaye za su yi

Ba sai kun yi boko mai zurfi ba kafin ku taimaki ɗanku. Ku ne kuka fi kowa sanin muryarsa.

Ku sake salon tambaya. In kullum tambayar ita ce “Yaushe za ka gama?”, yaro zai ji kamar bashi ake bin shi. Ku tambaye shi: “Ɗana, mi ka ci yau? Kana samun barci? Su wa kake zama da su?” In ya ce lafiya lau amma murya ta yi sanyi, ku ce: “Muryarka ba haka take ba. Faɗa mini, ni mahaifiyarka ce.”

Ku buɗe masa ƙofar faɗin gaskiya tun kafin ya tafi: “In ka ci namu ne, in ka faɗi namu ne.” Maimaita shekara ba ƙarshen karatu ba ne, sake fanni kuma ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ku gwada shi da ɗan wane. Kada ku ɗora wa burs ɗinsa hidimar gida. In za ku aika masa wani abu, ko kaɗan ne, ku sa masa lokaci sananne domin ya san yadda zai tsara. Tiya biyu ta gero, da ƙuli-ƙuli, da busasshen zogale, taimako ne babba.

Ɗiya mace ku ba ta amana. Ku ce mata: “Ɗiyata, duk wanda ya matsa miki, ko wane ne, ki faɗa mana, ba za mu ga laifinki ba.” In ta faɗa, ku tsaya mata, kada cire ta daga makaranta ya zama amsar farko. Miji mai matar da ke karatu shi ma ya rage mata aiki lokacin jarrabawa.

Yaushe za a nemi likita?

A nemi ma'aikacin lafiya in ɗaya daga cikin waɗannan ya faru:

1. Baƙin ciki, ko rashin sha'awar komi, kusan kullum har mako 2.
2. Rashin barci ko rashin ci da ya hana karatu.
3. Firgita mai tsanani da ke dawowa, da toshewar numfashi.
4. Kasa barin ƙwaya ko wani abin maye.
5. Jin muryoyin da wasu ba su ji, ko maganar da ba ta kan hanya.
6. Maganar gajiya da rayuwa, ko ta kashe kai.

Biyun ƙarshe na gaggawa ne. Wanda ya yi maganar kashe kansa, kada a yi masa dariya, kada a yi masa faɗa, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da magunguna, da maganin ƙwari, da makami daga kusa da shi, a kai shi likita a ranar. Tambayar mutum a fili ko yana wannan tunani ba ta sa shi aikatawa. Sau da yawa sauƙi take kawo masa. Bisa ƙididdigar OMS ta 2021, kashe kai shi ne na uku cikin abubuwan da ke kashe matasa ƴan shekara 15 zuwa 29 a duniya.

Ana iya farawa daga ɗakin shan magani na jami'a, ko cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, ko asibitin jaha. Su za su tura mutum gaba in da bukata. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa wurin ba ya nufin hauka. Fargaba da ciwon baƙin ciki cututtuka ne kamar sauran, ana magance su da tattaunawa da gwani, wani lokaci da magani, kuma da yawa na warkewa su koma karatu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abubuwan riƙewa

1. Lafiya ta haɗa jiki, da hankali, da zama da mutane.
2. Damuwa kaɗan na taimako, mai yawa mai daɗewa na cutarwa.
3. Yadda ɗalibi ke kallon kansa na ƙara masa nauyi ko ya rage.
4. Barci, abinci, motsa jiki da abokai na gari su ne rigakafi.
5. Zazzaɓi na bukatar gwaji. Maganar kashe kai na bukatar likita a ranar.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. Mine ne bambancin tawali'u da raina kai? Ku kawo misali daga garinku.
2. Waɗanne tambayoyi uku za ku yi wa ɗanku in ya kira daga jami'a?
3. In ɗalibi ya dawo gida ya ce ya faɗi jarrabawa, mi ya kamata uba ya fara cewa?
4. Ta wace hanya mutanen gari za su haɗa hannu su tallafa wa ɗalibansu da ke nesa?